Darasi: Cajin Batirin Babur Mai Lantarki da Kula da Shi a Magama

Magama, garin da ke bakin iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar a Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, wuri ne da harkokinsa suka rataya a wuyan babur, domin shi ke kwasar fasinjan da ya sauka daga motar Katsina, shi ke jigilar buhu tsakanin tasha da kasuwa, kuma shi ke kai ma'aikaci da ɗalibi cikin garin Jibiya ya dawo da su. Tun watan Nuwamba 2019, lokacin da Hukumar Kwastam ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, masu babura a wannan yanki suka ƙara dogara ga 'yan bumburutu, sannan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 ya sa litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin 2024 ta ƙare. A cikin wannan hali ne babur mai lantarki, wanda jama'a ke kira mai caji, kuma wanda galibinsa daga China ake shigo da shi, ya shiga lissafin mai zirga-zirgar yau da kullum. Sai dai kuɗin da aka tsira da shi a wajen mai yakan zurare a wajen batir, wanda shi ne ɓangare mafi tsada a jikin babur ɗin, idan ya mutu kafin lokacinsa, kuma abin da ya fi kashe shi da wuri shi ne yadda ake yi masa caji da irin wurin da ake ajiye shi.

Batir iri biyu, kowanne da dokarsa

Shawarwari biyu masu cin karo da juna ke yawo a bakin masu babura. Wasu na cewa kada a cire caja sai batir ya cika taf, wasu kuma na cewa cika shi ɗin ne ke lalata shi. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma a kan batir daban suke magana, don haka abu na farko da ya wajaba a kan mai babur shi ne ya san irin wanda yake ɗauke da shi.

Iri na farko shi ne batirin dalma, wanda Bafaranshen nan Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, kuma ɗan'uwan batirin mota ne. Idan aka ɗaga wurin zama ko faifan da ake ɗora ƙafa, za a tarar da tubala huɗu ko biyar ko shida masu nauyi a jere, an haɗa kawunansu da gajerun wayoyi, kowane tubali yana ba da bolt 12, wato ma'aunin ƙarfin turin lantarki, ta yadda huɗu ke ba da bolt 48, biyar 60, shida 72. A jikin waɗanda aka ƙera a China akan ga lamba irin 6-DZF-20 ko 6-DZM-20, kuma kowane tubali mai wannan lamba yana kaiwa kilo 6 zuwa 7, abin da ke nufin babur mai tubala biyar yana ɗauke da fiye da kilo 30 na batir tun kafin mutum ya hau. Akwai kuma wanda 'yan kasuwa ke tallatawa da sunan girafin, wanda mai saye kan ɗauka wani sabon iri ne na daban, alhali batirin dalma ne da aka ƙara wa ɗan sinadari, kuma dokar dalma ce ke kansa.

Iri na biyu shi ne batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, wanda kuma aikin ƙirƙiro shi ya sa aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel a 2019. Yakan zo a akwati guda a rufe, sau da yawa mai maɗauki, wanda mutum zai iya cirewa ya shiga da shi gida, kuma nauyinsa bai fi kashi ɗaya cikin uku na batirin dalma mai ɗaukar wuta daidai da tasa ba. Shi ma ya rabu gida biyu. Akwai mai nikel da kobalt da manganis, wanda akan rubuta wa Li-ion ko NMC, akwai kuma mai ƙarfe da fosfet, wanda akan rubuta wa LiFePO4 ko LFP, wanda ya ɗan fi nauyi amma ya fi jure zafi kuma ya fi tsawon rai.

Dokar batirin dalma gajera ce: a zaune a cike yake so. Duk lokacin da ya ba da wuta, wani farin gishiri yakan taru a kan farantan dalmar da ke cikinsa, caji kuma shi ke narkar da wannan gishiri ya mayar da shi ruwan batir. Idan aka bar batirin a rabi na kwanaki, gishirin yakan daskare ya ƙi narkewa, sai wurin da ya rufe ya daina aiki har abada. Saboda haka mai irin wannan batir zai yi masa caji a ranar da ya yi aiki da shi, ya bar shi ya cika, ya ƙara masa kamar awa ɗaya bayan fitilar caja ta koma kore, sannan ya cire, kada jimillar lokacin ta wuce awa 8 zuwa 10, domin wuce haka a lokacin zafi yana ƙafar da ɗan ruwan da ke ciki har tubalan su kumbura. Zai kuma yi ƙoƙari kada ya riƙa shanye fiye da rabin wutar kafin ya koma caji. Cajin rabi-da-rabi da za a yi bayani a gaba bai shafi wannan batir ba ko kaɗan, kuma wanda ya yi masa shi zai sayi sabo da wuri.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwayar litiyam

Akwatin batirin litiyam yana ƙunshe da ƙananan batura da dama da ake kira ƙwayoyi, an jera su an haɗa domin ƙarfinsu ya taru. Kowace ƙwaya tana da ɓangare biyu, ɗaya na girafait, wato irin baƙin da ke cikin fensir, ɗaya kuma na gaurayen ƙarafa, da wani ruwa a tsakaninsu wanda ƙwayoyin zarrar litiyam ke ninƙaya a ciki. Caji shi ne tura litiyam zuwa cikin girafait, tafiya da babur kuma ita ce barinsa ya koma inda ya fito, yana ba da wuta a kan hanyarsa. Ƙwaya mai nikel tana nuna bolt 4.2 idan ta cika, kimanin 3.7 a tsakiya, kuma ana ɗaukarta ta ƙare idan ta sauko wajen 3.0.

Lalacewar ƙwaya ta fi faruwa a iyakokin nan biyu, musamman na sama. Idan ta cika taf, girafait yakan ɗan kumbura, ɓangaren ƙarafan ya rasa mafi yawan litiyam ɗin da ke riƙe da gininsa, ruwan da ke tsakani kuma ya shiga ruɓewa a hankali, yana barin wata siririyar yana a jikin girafait wadda ke cinye litiyam ɗin da ba zai sake dawowa aiki ba. Wanda ya taɓa ganin ana auna gero a buhu a kasuwar Jibiya ya san cewa tiyoyin farko zuba su kawai ake yi, na ƙarshe kuwa sai an girgiza an danna, kuma su ne ke ja wa ɗinkin buhu. Haka kashi 20 na ƙarshen caji yake ga ƙwayar litiyam. Hatta cajar kanta tana nuna hakan, domin takan tura wuta da ƙarfi ɗaya har batir ya kai wajen kashi 80 cikin 100, daga nan ta tsaya a kan bolt ɗin ƙarshe tana rage wutar kaɗan-kaɗan, shi ya sa ƙarashen caji ke cin lokaci fiye da kimarsa. Gwaje-gwajen da aka daɗe ana yi a kan irin waɗannan ƙwayoyi sun nuna cewa tsayar da caji a bolt 4.1 maimakon 4.2, wanda ke rage wutar da aka ɗauka da kusan kashi 10 kacal, yana iya ninka yawan zagayen da ƙwaya za ta yi kafin ta tsufa. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanonin waya irin su Apple da Samsung suka sanya wa wayoyinsu zaɓin tsayar da caji kafin batir ya cika, kamfanin motocin Tesla kuma yake ba masu batirin nikel shawarar kada su riƙa cikawa a tafiyar yau da kullum.

Kalmar zagaye tana buƙatar bayani, domin rashin fahimtarta ke sa wasu jin tsoron jona caja sau biyu a yini. Zagaye ɗaya shi ne a yi amfani da wutar da ta kai cikin batir guda, ko a tashi ɗaya ko a rarrabe, ta yadda wanda ya sha rabi ya mayar, ya sake shan rabi ya mayar, zagaye ɗaya ya yi, ba biyu ba. Ƙwaya mai nikel da ake cikawa ana shanyewa takan yi zagaye 500 ko kusa da haka kafin abin da take ɗauka ya ragu zuwa kashi 80 na asali, mai ƙarfe da fosfet kuwa takan wuce 2,000. Maganar da ake yi cewa sai an bar batir ya mutu murus kafin a yi masa caji, in ba haka ba zai manta girmansa, gado ce daga tsofaffin batura masu nikel da kadmiyam na rediyo da wayoyin farko, kuma ga litiyam cutarwa ce tsantsa.

Daga nan ne aka fitar da ƙa'idar da ake kira cajin rabi-da-rabi, wato a riƙa tsare batirin litiyam tsakanin kashi 20 da kashi 80 a ranakun aiki na kusa. A wurin da wutar KEDCO, kamfanin da ke raba lantarki a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, ke zuwa ta ɗauke ba sallama, wannan ƙa'ida sauƙi ce ga mai babur, domin awa ɗaya ko biyu da wuta ta yi kafin a ɗauke ta riba ce ga batirin litiyam, kuma katsewar caji a tsakiya ba ta yi masa komai, saɓanin batirin dalma wanda irin wannan wuta ke bari kullum a ƙoshin rabi.

Akwai togiya guda mai muhimmanci. A cikin akwatin akwai wani ƙaramin allon lantarki mai kula da batir, wanda ake taƙaita sunansa da BMS, aikinsa shi ne yanke wuta idan wata ƙwaya ta cika fiye da kima ko ta sauka ƙasa da kima, da kuma daidaita ƙwayoyin domin kada wasu su riga wasu. A galibin baturan babura wannan daidaitawa ba ta farawa sai an kusa cika, saboda haka batirin da bai taɓa cika ba na tsawon watanni ƙwayoyinsa kan sha bamban, har allon ya riƙa kashe babur alhali akwai sauran wuta a yawancinsu. Maganin wannan shi ne a cika shi taf sau ɗaya a mako biyu ko a wata, a bar caja a jone na awa ɗaya ko biyu bayan ta nuna kore, a kuma yi hakan a daren da za a yi tafiya da safe domin kada ya yini a cike. Mai ƙarfe da fosfet, wanda ƙwayarsa ke cika a bolt 3.65, cikawa ba ta cutar da shi sosai, kuma ya fi son a cika shi duk mako, domin bolt ɗinsa kusan ba ya motsi a tsakiyar caji, sandunan da ke kan allon babur kuma sukan nuna akwai wuta har zuwa lokacin da za ta yanke farat ɗaya.

Lissafin tafiya

A jikin kowane batir akwai lambobi biyu, ɗaya da harafin V, wato bolt, ɗaya da Ah, wato ma'aunin yawan wutar da yake iya ajiyewa. Idan aka ninka su, sai a samu abin da ake kira wat-awa, dubu ɗaya daga cikinsu kuma shi ne yunit guda irin wanda mitar gida ke ƙirgawa. Batir mai 60V da 20Ah yana ɗaukar wat-awa 1,200, wato yunit 1.2. Idan aka ƙaddara, domin lissafi, cewa babur yana shan wat-awa 25 a kowace kilomita, cikakken batir zai yi kilomita 48, tsakanin kashi 80 da kashi 20 kuwa akwai wat-awa 720, wanda zai yi kusan kilomita 29. Wannan ya ishi wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce Magama da cikin garin Jibiya da unguwannin kusa ba. Idan cajarsa mai amfiya 3 ce, wato ma'aunin yawan wutar da take turawa, mayar da wannan kashi 60 zai ɗauki kimanin awa 4, tunda kashi 60 na 20Ah shi ne 12, wanda ake rabawa gida 3, kuma da yake yawancin cajojin babura ba su da maɓallin tsayawa a kashi 80, agogon waya shi ne abin aiki: a saita ƙararrawa, idan ta buga a cire.

Tafiya mai nisa kuwa hukuncinta daban. Daga Jibiya zuwa birnin Katsina ya haura kilomita 40, kuma lissafin da ke sama na babur ne mai mutum ɗaya a kan kwalta, da tayoyi masu isasshiyar iska. Goyo da buhu da yashi da gudu da iskar hunturu mai bugun ƙirji duk suna ƙara shan wuta, tsohon batir kuma ba ya ɗaukar abin da aka rubuta a jikinsa. A yankin da matsalar tsaro ta kai gwamnatin jiha a 2021 ga rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Baure da taƙaita hawan babur da dare, babu mai hankalin da zai sayi tsawon ran batir da mutuwar babur a daji gab da magariba. Ranar tafiyar Katsina, ko ta Ɗan Isa da Maraɗi ga wanda harkarsa ta tsallaka, batir a cika shi taf, a kuma san inda za a yi caji a can kafin a juyo. Ƙa'idar kashi 80 ta ranakun da aka saba ce, kuma cikawa jefi-jefi ba ta da wata illa da za a gani. Abin da ke tsofar da batir shi ne a cika shi a bar shi yana zaune kwana da kwanaki.

Zafi

Littattafan da ke zuwa da babura, da yake an rubuta su ne domin ƙasashe masu ƙanƙara, sukan cika da gargaɗi a kan sanyi, cewa kada a yi wa litiyam caji idan sanyi ya kai na daskarar da ruwa. Wannan bai shafi Magama ba, inda iyakar abin da sanyin Disamba da Janairu ke yi shi ne ya ɗan rage nisan tafiyar safe, ya kuma sake shi idan rana ta ɗaga. Abin da ya shafe ta shi ne bazara, lokacin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, domin ruɓewar da aka ambata a cikin ƙwaya tana kusan ninka saurinta duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, batirin dalma kuma, wanda aka auna ransa a kan digiri 25, yakan rasa kusan rabin wannan rai da ƙarin digiri 8 zuwa 10 kawai. Masu ƙera ƙwayoyin litiyam sun sanya digiri 45 a matsayin iyakar zafin da za a yi caji a cikinsa, kuma baƙin wurin zama da ya yini a rana a bakin shingen kwastam, ko rumfar kwano da azahar, sun isa su kai batir wannan iyaka tun kafin a jona shi. Idan cika ta haɗu da zafi, nan ne ɓarnar ta fi tsanani, har ana iya cewa mai babur da ke cika batirinsa amma yana ajiye shi a inuwa ya fi wanda ke tsayawa a kashi 80 yana barinsa a rana samun riba.

Saboda haka ɗan acaɓa da ke jiran fasinja zai nemi gindin darbejiya ko da layin ya ɗan yi masa nisa, kuma wanda ya dawo daga tafiya zai bar batir ya huce na kamar rabin awa kafin ya sa caja. Ɗora tafin hannu a jikin akwatin ya isa gwaji, idan ya fi jikin mutum ɗumi sosai a jira. Lokacin caji mafi dacewa shi ne daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, ko daga magariba zuwa lokacin kwanciya. Mai amfani da sola yana cikin tsaka mai wuya, tunda faifansa ya fi ba da wuta a daidai lokacin da gari ya fi zafi, amma faifan ne ke buƙatar rana, batir da caja kuwa a ja musu waya zuwa inuwa mai iska, kada a lulluɓe su da tabarma ko buhu da sunan kare ƙura.

Caja da wutar da ake ba ta

Kamannin baki ba ya nuna cewa caja ta dace da batir. A tsakanin baturan da ake kira masu bolt 48, na litiyam mai nikel, wanda ke da jeri 13 na ƙwayoyi, cajarsa tana tsayawa a bolt 54.6, na ƙarfe da fosfet mai jeri 16 a 58.4, na dalma kuma a wajen 59. Idan aka ari cajar dalma aka sa wa na farkon, kowace ƙwaya za a tura ta zuwa sama da bolt 4.5, kuma babu abin da ya rage tsakanin mai gida da gobara sai ɗan allon nan mai kula da batir, wanda a cikin batura masu araha ba abin dogaro ba ne. Lambar da za a duba ita ce wadda aka rubuta a bayan caja a wurin wutar da take fitarwa, a gwada ta da wadda ke jikin batir. Caja mai sauri da ta fi ta asali amfiya tana ƙara zafi, kuma mai rewaya da ya cire allon kula da batir domin babur ya daina yankewa ya cire birkin ne ya bar gangara.

Caja mai amfiya 3 da aka yi misali da ita a baya tana jan wat 200 da 'yan kai, don haka ƙaramin janareta ko inbata na ɗaukarta, amma wutar janareta mai hawa da sauka da kuma wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke su ne ke ƙona caja, shi ya sa ake cire fulogi da zarar wuta ta ɗauke, a kuma bar janareta ya daidaita kafin a jona. Masu tsallakawa Nijar suna da ƙarin abin lura, domin soket ɗin can mai zagayayyun ramuka biyu ne irin na Faransa, na Najeriya kuwa mai ramuka uku irin na Ingila, kuma ɗan mahaɗin da ake sawa a tsakani idan yana lilo yakan yi zafi ya narke. Ƙurar hunturu tana toshe fankar caja, sai a riƙa kaɗe ta. Caja kuma ba ta son a riƙa yawo da ita a ƙarƙashin wurin zama a hanya mai gargada, domin jijjiga na tsinka haɗin cikinta.

Zaure

A gidan Bahaushe babur a zaure yake kwana saboda ɓarayi, zaure kuma shi ne ƙofar fita guda ɗaya tilo, a garin kan iyaka ma ba abin mamaki ba ne a tarar da jarkar fetur a kusurwarsa. Gobarar batirin litiyam ba kasafai take aukuwa ba, amma idan ta tashi ƙwaya ɗaya ce ke kunna ta kusa da ita cikin daƙiƙu, da hayaƙi mai guba, kuma takan sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. A birnin New York na Amurka irin waɗannan batura sun haddasa gobara 268 a 2023 tare da mutuwar mutum 18, a birnin Nanjing na China kuma gobarar da ta tashi daga wurin ajiye babura masu caji a ƙasan wani bene a Fabrairu 2024 ta kashe mutum 15. Don haka wurin caji shi ne tsakar gida ko wata rumfa mai iska, a kan siminti ko ƙasa, nesa da katifa da kara da fetur, inda ba zai tare wa iyali hanya ba, kuma a lokacin da akwai mai ido biyu. Batirin da ya kumbura, ko yake wari mai kama da na sinadari, ko yake huci, ko ya faɗi ya lotse, ba a sake jona shi; a fitar da shi fili. Idan hayaƙi ya fara, a kashe wuta daga soket in hannu zai kai ba tare da haɗari ba, a fitar da mutane, a kira 'yan kwana-kwana.

Ruwa ma yana cikin wannan babi. Jibiya ta ga ambaliyar Yuli 2018 wadda ta ci rayuka fiye da 40, kuma ko a damina ta yau da kullum kwari da kududdufai sukan kai tsayin akwatin batir. Yayyafi ba ya hana tafiya, amma batirin da ya nutse yana iya kamawa da wuta bayan kwanaki, don haka ba a yi masa caji sai wanda ya san aikin ya buɗe ya duba, kuma a wurin wankin babur ba a harba masa ruwan inji.

Ajiya da tsufa

Idan babur zai zauna ba aiki, kamar yadda ya faru da masu sana'a da dama lokacin da aka rufe iyakar bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 har zuwa umarnin buɗe ta a Maris 2024, batirin litiyam a bar shi a wajen rabi, a raba shi da babur, a ajiye a ɗaki mafi sanyi, a duba shi duk wata ɗaya ko biyu, domin wanda aka ajiye a ƙare yakan ci gaba da zurarewa har ya sauka inda caja ba za ta iya tashinsa ba. Na dalma kuwa a cike ake ajiye shi, a kuma ƙara masa caji duk wata. Idan tubalan dalma suka gaji, gaba ɗaya ake sauya su, saboda sabo ɗaya a cikin tsofaffi huɗu saurin tsufa yake yi ya tarar da su.

Tsohon batirin dalma kuɗi ne, kuma dillalai sukan karɓe shi a rage wa mutum farashin sabo. Abin da ba a yi shi ne fasa shi ko narka shi a cikin gida, domin ƙurar dalma ita ce gubar da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, kuma a unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar a Senegal yara 18 suka mutu a wajajen 2008 sakamakon fasa tsofaffin batura a tsakar gidaje. Na litiyam ba a jefa shi a bola, inda ake cinna wa shara wuta, kuma kafin a miƙa shi ga mai saye akan naɗe bakin wayoyinsa da salatif domin kada su haɗu.

Aikin ɗalibi

Ɗalibi zai nemi babur mai caji guda a unguwarsu, da izinin mai shi ya kwafo abin da aka rubuta a jikin batir da bayan caja, ya faɗi irin batirin da hujjarsa, ya fitar da wat-awa ɗinsa, sannan ya lissafa awa nawa cajar za ta ɗauka kafin ta kai shi daga kashi 30 zuwa kashi 80. Zai kuma zana taswirar gidansu, ya nuna ƙofar fita da wurin kwana da inda ake ajiye fetur ko itacen girki, ya sa alama a wurin da ya ga ya dace a riƙa yin caji, ya kawo wa aji dalilinsa.